Kufan Shobak a Jodan: dinari ɗaya, matakala 375, da ganuwar da sai ka iya karanta ta

Daga Wadi Musa, garin da ke bakin ƙofar Petra, tsohon birnin nan da aka sassaƙa a jikin dutse, mota na cin kimanin kilomita 30 zuwa arewa kafin ta iso Shobak. A kan babban titi ba abin da ido ke gani sai gonakin tuffa da gidajen bulo. Sai an ratse an bi wata 'yar siririyar kwalta mai lanƙwashe-lanƙwashe ta kusan kilomita uku, sannan tsaunin ya bayyana gaba ɗaya: tudu ne fari-fari, shi kaɗai a tsakiyar kwari kamar an kife ƙwarya, ganuwar dutse ta naɗa masa rawani. A nan ya kamata direba ya tsaya ko da minti biyar ne, domin daga wannan nesa ake fahimtar dalilin gina sansanin a wurin. Ta kowace fuska gangara ce mai tsini, babu fili ko ɗaya da rundunar da ta zo da yaƙi za ta girke kayan rushe bango.

Hukuncinmu a kan wurin a taƙaice shi ne ya cancanci kuɗinsa nesa ba kusa ba, ya kuma cancanci awa biyu cur daga cikin ranar mai ziyara. Sai dai hidimar da ke wurin ba ta kai darajar ginin ba. Wanda ya zo hannu rabbana, ba tocila, ba takalmin kirki, bai kuma san abin da zai nema ba, cikin minti ashirin zai fito yana cewa tarin duwatsu kawai ya gani. Yawancin motocin 'yan yawon buɗe ido haka suke yi da shi: a tsaya, a ɗauki hoto, a wuce Petra.

Sarkin 'yan Salibiyya (Kiristocin Turai da suka zo yaƙi) na Birnin Ƙudus, Baldwin na Ɗaya, shi ya gina sansanin a 1115, ya sa masa suna Montreal, wato tsaunin sarki. Larabawa kuwa Ƙal'atus Shaubak suke ce masa. Tsaunin ya haura mita 1,300 sama da teku, ginin kansa kuma ba wani babba ba ne: tsawonsa wajen mita 175, fāɗinsa wajen 90. Ƙanƙantarsa kada ta ruɗe ka. Ayarin fatake da ke kaiwa da komowa tsakanin Masar da Sham, da alhazan da ke gangarowa daga Dimashƙa zuwa Makka, duk ta wannan yanki suke bi, kuma mai riƙe da Shobak yana iya karɓar kuɗin fito a hannunsu ko ya tare su. A 1142 aka gina Karak can arewa, hedkwatar yankin ta koma can, Shobak ya zama ƙane. Daga baya duka biyun suka faɗa hannun Renald na Shatiyon ta hanyar aure, mutumin da malaman tarihin Larabawa ke kira Arnaɗ. Shi ne ya sa aka sassaƙa jiragen ruwa gunduwa-gunduwa, aka ɗora wa raƙuma zuwa bakin Bahar Maliya, aka harhaɗa su, suka shiga farautar jiragen alhazai a 1182 zuwa 1183 har kusa da gaɓar Hijaz. Shi ne kuma ya auka wa wani babban ayari ana cikin yarjejeniyar zaman lafiya. Bayan yaƙin Hiɗɗin na 4 ga Yulin 1187, Salahuddin Al'ayyubi ya kashe shi da hannunsa.

Abin da zai nuna maka nauyin wannan ɗan tudu a idon sarakunan zamanin shi ne abin da ya faru a 1219. 'Yan Salibiyya sun yi wa Dimyaɗ ta Masar ƙawanya, Sarkin Masar Alkamil ya yi musu tayin mayar musu da Birnin Ƙudus kansa in za su janye, amma ya ce ban da Karak da Shobak. Su ne suka haɗa masa Masar da Sham, in babu su daularsa ta rabe biyu.

Maganar isowa. Daga Amman hanya biyu ce. Ta hamada, wato babban titin da ya miƙe zuwa Aƙaba, tafiyar kusan kilomita 200 ce, awa biyu da rabi, a ratse yamma a mahaɗar Unaiza. Hanyar Sarakuna kuwa, mai bi ta Madaba da kwarin Mujib da Karak da Ɗafila, ta fi kyan gani amma yini guda take ci in ana tsayawa, kuma kuskuren da aka fi yi a kanta shi ne a ɓata lokaci a Karak, a iso Shobak an rufe ƙofa. Tsakanin Karak da Shobak kusan kilomita 120 ne na hawa da gangara, kada ka auna shi da ma'aunin shimfiɗaɗɗen titi. Wanda zai tsaya a Almazar kusa da Mu'uta don ziyarar kaburburan Zaidu bin Harisa da Ja'afar bin Abi Ɗalib da Abdullahi bin Rawaha, Allah ya ƙara musu yarda, gara ya raba tafiyar kwana biyu. Ƙananan bas-bas da ke tashi daga tashar kudu ta Amman zuwa Wadi Musa suna bi ta garin Shobak, amma sai sun cika suke tashi, ranar Juma'a kuma ƙafarsu na ɗaukewa, sannan a bakin titi za su sauke ka, sauran kilomita ukun naka ne. Abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne shatar tasi daga Wadi Musa. A yi ciniki tun kafin a shiga, a kuma ambaci awa biyu na jira ƙarara a cikin kuɗin. In ba a ambata ba, bayan rabin awa direba zai fara danna oda daga ƙasa, kuma a wurin babu wata motar haya da ke jiran fasinja.

Kuɗin shiga ga baƙo dinari ɗaya ne, wato kusan dala ɗaya da santi 40. Ka kwatanta da dinari 50 na yini ɗaya a Petra. Mai riƙe da Jordan Pass ba ya biyan komai a nan. Wannan takarda tana haɗe kuɗin shiga wurare sama da 40 a dinari 70 ko 75 ko 80, gwargwadon kwanakin da kake so a Petra, tana kuma yafe kuɗin biza ga 'yan ƙasashen da ake buga wa biza a filin jirgi. Mai fasfon Najeriya ba ya cikin waɗannan, sai ya nemi bizarsa tun kafin ya baro gida, don haka ya yi lissafi da kyau kafin ya saya. A riƙe canji a aljihu. 'Yan ƙasar sukan ce wa dinari "lera", kada hakan ya rikita ka, kuɗi ɗaya ne. Ana buɗewa da ƙarfe takwas na safe. Lokacin sanyi wajen ƙarfe huɗu na yamma ake rufewa, da zafi kuma a ƙara lokaci.

Akwai ofishin baƙi da wurin ajiye mota a ƙasa, daura da tsaunin. Ban-ɗaki a nan yake, a sama babu, to a yi abin da za a yi tun kafin a hau. Daga nan zuwa ƙofa hawa ne na minti goma zuwa sha biyar a kan hanya mai kyau, akan kuma samu 'yar motar lantarki da ke ɗaukar mutane in an biya. Dattijo ko mai ciwon gwiwa ya hau ta. Mai ƙarfi a jika kuwa ya tafi a ƙasa, saboda abin da ya fi komai kyau a jikin ginin daga waje ake ganinsa, mai mota kuma wuce shi yake yi.

Rubutun da ke jikin hasumiyoyi muke nufi. A saman manyan hasumiyoyin waje akwai wani ɗamara na rubutun Larabci da aka sassaƙa a dutse, haruffa manya-manya, alif da lam sun miƙe tsaye reras kamar mashi a jere. Masu yi wa baƙi jagora da yawa sukan ce rubutun Kufi ne na zamanin Salahuddin. Wanda ya iya karatu ya ɗaga kai ya duba da kansa: sunan da ke ciki na Sarkin Mamlukawa ne, waɗanda suka mulki Masar da Sham bayan dangin Salahuddin, Almalikul Mansur Husamuddin Lajin, da shekarar 697 ta Hijira, daidai da 1297 zuwa 1298, fiye da shekara ɗari bayan rasuwar Salahuddin. Lajin ɗin nan shi ne ya gyara masallacin Ibn Ɗulun a Alƙahira. Ya sake gina Shobak ne bayan da wani sarkin da ya gabace shi, Ashraf Khalil, ya ba da umarnin rushe shi a 1293. Wanda ya taso da rubutun allo irin namu ya tuna cewa hannun gabas ne: fa ɗigonta ɗaya a sama, ƙaf ɗigo biyu. Kalmomin sun hau kan juna don su cika layi, saboda haka a fara neman "Assulɗan" da "Almalik", daga nan sauran ke warwarewa. Da tsakar rana haske na yin tsanani, haruffan su baje su ɓace. Da hantsi ko bayan la'asar inuwa ke faɗawa cikin sassaƙar, a karanta ba wahala. Ƙaramin madubin hangen nesa ko kyamarar waya mai jawo abu kusa na taimakawa ƙwarai.

Da an shiga ƙofa, abin da ke rikita baƙo shi ne babu bango guda da hannu ɗaya ya gina. Aƙalla hannu huɗu ne suka yi aiki a nan, kowa ya ɗora nasa a kan na wani, har da ma gutsattsarin ginin Rumawa a can ƙasa wanda masu tonon tarihi na Jami'ar Fulorans ta Italiya suka gano tun da suka fara aiki a wurin a farkon shekarun 2000. Ga yadda ake rarrabe su. Ganuwar 'yan Salibiyya aikin gaggawa ce a ƙasar abokan gaba: duwatsu ba su daidaita ba, an cike tsakaninsu da tsakuwa da kwaɓi. Inda suka natsu suka yi aiki mai kyau shi ne coci, kuma a jikin gyararrun duwatsunsu, in ka matso ka shafa, za ka ji sāwun kurfi siriri-siriri a karkace, duk sun nufi gefe guda. Aikin Mamlukawa manyan duwatsu ne masu kusurwa huɗu, layi a kan layi, bakinsu ya haɗu tsaf, wasu an bar musu ƙullutu a tsakiya an goge gefensu. Hasumiyoyinsu sun tura ciki waje sun rungume tsohuwar ganuwa. Sai kuma ƙananan ɗakuna masu gajerun ƙofofi da suka cika tsakiyar wurin, an gina su da duk dutsen da hannu ya kai gare shi, wani lokaci ka ga guntun ginshiƙi ko dutse mai rubutu an kife shi a cikin bango. Waɗannan gidajen talakawa ne na zamanin Turkawa da bayansa. Iyalai sun zauna a cikin wannan sansani har shekarun 1950 kafin su sauko ƙauyukan da ke kewaye. Da zarar idonka ya saba da bambancin nan, minti goma sun isa, wurin ya daina zama tarin duwatsu.

Coci biyu ne. Ƙaramin yana kusa da ƙofa, rufinsa na baka ne, sanyi a ciki ko da rana ta take. Babban yana sama, mai sahu uku, rufinsa ya tafi amma bakan gizonsa masu tsini a ka suna nan tsaye, sama kawai ake hangowa ta cikinsu. A ɗakunan da ke ƙarƙashinsa aka tara abubuwan da aka tsinto: allunan dutse masu rubutun Larabci, sassaƙe-sassaƙen Kirista, da mulmulallun duwatsun majaujawar yaƙi, wasu sun fi kan mutum girma. Akwai wata kujerar dutse da ake ce wa karagar Salahuddin. Sunan baka ne, a ji shi a matsayin haka.

Wajen arewa akwai fadar Ayyubawa, wato dangin Salahuddin, wadda ake dangantawa da zamanin Almu'azzam Isa, ɗan Al'adil ɗan'uwan Salahuddin, a farkon ƙarni na 13. Babban zauren karɓar baƙi ne a tsakiya da soraye masu buɗaɗɗen gaba a gefensa. Baƙi da yawa na ratsa shi ba su san fada suka shiga ba, wasu jagororin ma sukan ce kotun Baldwin ce. Haka nan akwai wata ma'aikata ta zamanin Mamlukawa mai jerin kwamaye na dutse da wurin hura wuta a ƙarƙashin babbar tukunya. Da farko an ɗauka marina ce, bincike na baya ya karkata ga cewa sabulu ake dafawa a nan, da man zaitun da tokar ganyaye. Wannan kusurwa ta cancanci tsayawa, domin ita ke nuna cewa gari ne mai sana'a da kasuwa ya rayu a nan. Abul Fida, sarkin Hama kuma masanin ƙasa na ƙarni na 14, ya siffanta Shobak da yawan lambuna, ya ce ana kai 'ya'yan itatuwansa har Masar, ya kuma ambaci idanun ruwa biyu a gindin tsaunin.

Ruwan nan shi ne ran wurin, shi ya kawo mu ga ramin. Sansani a kan tsauni matsalarsa ɗaya ce: tsayin da ya tsare shi daga abokan gaba, shi ne ya nisanta shi da ruwa. Akwai rijiyoyin tara ruwan sama a ciki, an shafe cikinsu da farar ƙasa, amma ruwan sama a kudancin Jodan kaɗan ne, lokacin sanyi kawai yake sauka, shekara ɗaya ta fari ta isa ta ƙafar da su. Maginan sai suka huda tsaunin daga cikin ganuwa, suka sassaƙa matakala a cikin dutse tana murɗawa tana gangarawa har ta cim ma jijiyar ruwa a ƙasa. Matakala 375 ake ƙirgawa, zurfin kuma wajen mita 75. In ka raba, kowane taki ya kama santimita 20, jimillar kuma kamar saukowa daga bene mai hawa 25 ne, a cikin duhun da ko tafin hannunka ba ka gani.

Ba kullum ramin ke buɗe ba, akan rufe shi saboda tsaro ko gyara, don haka a tambayi masu gadi tun a ƙofa, in sun ce a'a kuma a bar shi a a'a. In a buɗe yake, ga abin da ya kamata a sani. Matakalar farko-farko suna da kyau, su ne ke yaudarar mutum ya ɗauka haka abin yake har ƙasa. Can ciki dutsen mai laushi ne, ƙafafun shekaru ɗari tara sun cinye bakin takin, wasu wuraren sun koma gangara zalla, ga wata farar ƙura mai santsi kamar garin alabo ta lulluɓe su. A nan ake zamewa. Tocilar goshi ake bukata, saboda hannu biyu duk suna da aiki: ɗaya na dafa bango, ɗaya na tokare ƙasa. Fitilar waya ba ta wadatar ba, tana cinye hannu ɗaya, in kuma wayar ta suɓuce ta tafi ke nan, kai da haskenka. Kowa ya riƙe tasa tocilar, a kuma samu ta ko-ta-kwana guda a cikin tawaga. Takalmi mai kaushin ƙasa wanda ke kama ƙafa. Silifa da takalmin fata mai sulɓi ba su da wuri a nan. Babbar riga da doguwar abaya suna shiga ƙarƙashin ƙafa, a tattare su a ɗaure, ko a sa wando da 'yar shara. A sauka a karkace, gefen jiki na fuskantar gangara, inda ya yi tsini kuma a zauna a ja jiki, wanki ya fi karaya sauƙi. A bar tazarar taki biyar ko shida tsakanin mutum da mutum, don in na sama ya zame kada ya kwashe na ƙasa. Kada mutum ɗaya ya shiga shi kaɗai, kuma a gaya wa wani a sama cewa an shiga. Sabis ɗin waya ba ya ratsa dutse.

Saukar na ɗaukar minti ashirin zuwa talatin in ana bi a hankali. A ƙarshe akan fita ta wani tsani na ƙarfe zuwa wata kafa a gindin tsaunin, kusa da titi, a wajen ganuwa. Abu biyu ke biyo bayan haka. Na farko, duk abin da ka ajiye a sama sai ka sake hawa tsaunin kafin ka ɗauko shi, saboda haka ramin ya zama abu na ƙarshe a ziyarar, a kuma gaya wa direba ya jira a ƙasa. Na biyu, a tabbatar daga bakin mai gadi cewa mafitar ƙasan a buɗe take, in ba haka ba matakala 375 ɗin nan za ka sake hawowa da gwiwoyin da suka riga suka yi laushi. Mai asma, mai ciwon zuciya, mace mai ciki, ƙananan yara, da wanda ƙuntataccen wuri ke tayar wa hankali, su tsaya a taki goma na farko su leƙa, ya isa.

Wanda ya sauka ramin nan zai gane dalilin da ya sa Shobak ya daɗe bai faɗi ba. Bayan Hiɗɗin garuruwa suka yi ta miƙa wuya, Birnin Ƙudus ya buɗe ƙofa a Oktoban 1187, Karak ya sallama a ƙarshen 1188, amma 'yan tsirarun da ke kan wannan tudu suka riƙe har wajen Mayun 1189. Uwargidan yankin, Stefani ta Milli, ta yi alkawarin miƙa sansanonin biyu a bakin sakin ɗanta da ke hannun Salahuddin, mayaƙan ciki suka ƙi. Ƙishirwa ba ta kama su ba, yunwa ce ta ci su. Marubutan zamanin sun ce har makancewa suka yi saboda rashin gishiri. Abin da aka sani a yau shi ne doguwar yunwa na kawo dundumi saboda ƙarancin sinadarin bitamin A. Da suka sallama an bar su sun fita da ransu.

Sai aibobin wurin, kuma ba ƙanana ba ne. Allunan bayani ba su kai yawan abin da ke akwai ba, kuma babu tsayayyen tsarin jagora mai farashi a rubuce. Akan samu mutanen gari a ƙofa da za su zagaya da kai. Sun san kowane lungu da kowane rami, wannan kuwa ba ƙaramin amfani ba ne, amma tarihin da suke bayarwa akwai ƙari a ciki, kusan komai Salahuddin ake jingina wa. A yi sallama, a kira babba da "ammi" ko "hajji", a daidaita kuɗi kafin a fara tafiya. Ta fuskar tsaro, akwai bakunan rijiyoyi da rufin ɗakunan ƙasa da suka burma, ba duka aka killace ba, gefen ganuwa kuma a wurare da dama babu abin dafawa, ga iska mai ƙarfi da ke tasowa ba sanarwa. Yaro a riƙe hannunsa tun daga shiga har fita. Keken guragu ba ya wuce farkon wurin. Inda aka ja igiya ko aka kafa shinge saboda aikin tono da gyara, a girmama shi.

Masu ziyara ma suna da nasu laifin, kuma yana da ciwo a gani. Dutsen farar ƙasa ne, yana shan ruwa. Lokacin sanyi ruwan da ya shiga tsaga yakan daskare, ya kumbura, ya buɗa tsagar, shekara bayan shekara har fuskar dutsen ta ɓare. Saiwar ciyayi na bin kwaɓin tana mayar da shi gari. Yankin kuma a bakin babbar tsagar ƙasa ta Tekun Gishiri yake, girgizar ƙasa ta sha taɓa shi, ta 1212 ta zubar da wani sashe, sojojin Ibrahim Basha na Masar kuma suka ƙara masa rauni a ƙarni na 19. Bangon da ya sha duk wannan, duwatsun samansa a zaune kawai suke ba abin da ya riƙe su. Mai hawa kai don ɗaukar hoto yana kasada da ransa, yana kuma turo dutsen da ba mai mayar da shi. Masu kankare sunansu da makulli a jikin bakan gizo kuwa ɓarnarsu ba ta gyaruwa.

A kula da yanayi. Shobak na cikin wurare mafiya sanyi a Jodan, shi ya sa tuffa ke yi a nan. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙanƙara na sauka, wani lokaci har ta toshe hanya, hazo kuma kan rufe tsaunin ruf. Sanyin hunturun da muka sani ba ya kama ƙafar wannan. Rigar sanyi mai kauri da hula da safar hannu dole ne. Maris zuwa Mayu ne lokacin da ya fi daɗi, kwarin ya yi kore, sai kuma Satumba zuwa Nuwamba, lokacin da ake samun tuffa a bakin titi. Da zafi ma iskar ba ta da nauyi, amma rana na ƙuna a wannan tsayi, inuwa kuma sai a cikin ɗakuna. Lita ɗaya da rabi na ruwa ga kowane mutum, a ƙara in za a yi alwala. Tsaunukan da za ka hango tsirara ta kudu da yamma a da daji ne. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya Turkawa suka ja reshen layin dogon Hijaz daga Unaiza zuwa dajin Hisha da ke kusa, suka sare itatuwan don hura wutar jiragen ƙasa.

In salla ta riske ka a sama, kada sabo ya sa ka fuskanci gabas. Alƙibla a nan kudu ce, ta ɗan karkata gabas. Akwai masallatai a ƙauyukan ƙasa. Abinci kuwa babu shi a cikin sansanin, sai masu shayi da 'yan tsarabobi a wajen ƙofa da kan hanya. Mai son cin mansaf, shinkafa da naman rago da miyar busasshen nono, ya nufi cikin gari ko ya bari sai Wadi Musa. Wurin kwana akwai kaɗan a kusa, ciki har da wata tsohuwar mota ƙirar Volkswagen da wani mutumin garin ya shimfiɗa wa katifa ya mayar ɗakin baƙi tana kallon tsaunin, wadda ta yi suna a matsayin otal mafi ƙanƙanta a duniya. Kwana a nan na da riba ɗaya babba: da sassafe kai kaɗai ne a wurin.

Tsakanin Shobak da Karak, in dole sai ɗaya, ya danganta da abin da ake nema. Karak ya fi girma, ya fi dogayen soraye na ƙarƙashin ƙasa, gari ya kewaye shi, abinci da mota ba wuya. Shobak ya fi shiru, ya fi kyan gani daga nesa, rubutun hasumiyoyinsa ya fi fitowa, ga kuma ramin ruwa. Iyali masu ƙananan yara da tsofaffi Karak ya fi musu sauƙi. Ɗalibin tarihi, magini, mai zanen gine-gine, da duk mai karanta Larabci, Shobak ne nasu.

Tsarin da ya fi dacewa ga mai kwana a Wadi Musa shi ne ya taso da bakwai da rabi, ya iso ana buɗe ƙofa. Minti goma sha biyar a waje wajen rubutun Lajin tun inuwa na cikin haruffa, awa ɗaya a ciki daga ƙaramin coci zuwa fada zuwa ma'aikatar sabulu, rabin awa a rami in an yarda a shiga. Kafin sha ɗaya ya gama, daidai lokacin da manyan motocin da suka taso daga Amman ke fara isowa, ya kuma sami sauran yininsa ko dai ya koma Petra, ko ya ƙarasa gandun dajin Dana da ke arewa, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba.